Daren da Gwaggo ta shigo da kasko

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na shiga barka a bayan layinmu, nan Rigasa. Ina ɗaga labule wani ɗumi ya bugi fuskata, irin ɗumin da jikina ya riga ya sani. Na kai ido gefen gado, sai ga kasko cike da garwashi jajir, taga a rufe an kuma lulluɓe ta da bargo. Mai jego na kwance tana cewa tun safe kanta ke sarawa. Ko gaisuwa ban gama ba na sa tsumma na ɗauke kaskon na kai tsakar gida, na dawo na yaye bargon na buɗe tagar. Matan ɗakin suka bi ni da ido. Wata dattijuwa ta ce, "Ke 'yar nan, lafiyarki kuwa? Jariri za ki buɗe wa taga cikin wannan sanyi?" Na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce, "Inna, ki bari in faɗa miki abin da ya same ni. In na gama, in kin ga dama ki mayar da shi." Ba ta mayar ba. Abin da na faɗa musu a ɗakin nan shi zan rubuta, har da wanda ban iya faɗa ba don kuka ya ci ƙarfina.

Ni malamar firamare ce. Na haifi ɗiyata ta uku a farkon watan Janairu, shekara shida ke nan, hunturu na tsakiyar ganiyarsa. Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san kwanakin nan da rana ke fitowa kamar farin faranti a bayan hazo, ka dube ta ido da ido ba ta kashe maka ido ba, ka share tebur da safe kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kan ƙurar da ta sauka. A aji nakan gaya wa yara cewa iskar daga Sahara take tasowa ta arewa maso gabas, kuma mafi yawan ƙurar daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, inda ruwan tsohon tafki ya taɓa kwanciya ya bushe. Sanyinmu bai kai na Jos ba, kowa ya sani. Amma gidajenmu don zafi aka gina su. Rufin kwano, ƙasa siminti, bangon bulo. Da ƙarfe uku na dare sai ka ji sanyin yana tasowa ta ƙasa yana sauka ta sama, kai kana tsakiya.

Gwaggo ƙanwar babana ce. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ita ta ɗauke ni ta riƙe a ƙauyenmu can wajen Giwa, har ta aurar da ni. Matan da ta yi wa wankan jego a can ƙauyen ba su ƙirguwa. Haihuwata ta fari gida na koma, a ɗakinta na yi arba'in. Ta biyu ta faɗo cikin bazara, lokacin da ko mayafi mutum ba ya so a jikinsa. Ta ukun nan ce karon farko da ta zo mini Kaduna a cikin sanyi. Ta iso kwana biyu da haihuwa, da ƙullin yajin jego da daddawa da kanwa, da wani ƙaramin kasko naɗe cikin zane, wanda na sani tun ina yarinya.

A kan kanwar mun ɗan yi ja-in-ja. A wajen awo an ja mana kunne cewa kanwa gishiri ce mai yawa, tana riƙe ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciya nauyi a lokacin da ba ta gama hutawa daga ɗaukar ciki ba. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka yi nazari a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a wannan yanki namu, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Na lallaɓa Gwaggo, ta yarda ta riƙa dama mini kunun gyaɗa da na tsamiya, ta kuma yarda a riƙa sirka ruwan wanka. Ta yi ta mita, amma ta yi. A kan kaskon kuwa ban ce mata komai ba, domin ban san akwai abin cewa ba.

Kwana goma sha biyu da haihuwa, maigida, wanda direba ne yana lodi daga Kawo zuwa Kano, ya bugo waya bayan isha'i ya ce hazo ya rufe hanya, ko fitilar motar da ke gabanka ba ka gani, don haka a Kano zai kwana. Yaran biyu manya suna wajen kakarsu a Unguwar Sanusi tun ranar suna. Har yau in na tuna cewa saura kaɗan a dawo mini da su a ranar, sai in ji ƙafafuna sun yi sanyi.

Daren nan iska ta yi ta kaɗawa, kwanon rufi na ƙara. Babu wutar lantarki. Gwaggo ta kwashi garwashin itacen da aka dafa ruwan wankan yamma, ta ƙara gawayi a kai, ta zauna a tsakar gida tana fifitawa da mafici har ya ruru, babu sauran hayaƙi ko kaɗan. Sannan ta shigo da shi ta ajiye kusa da tabarmarta. Ta ja taga ta rufe, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ta sa sakata ta sama da ta ƙasa. Na ce, "Gwaggo, ba zai dame mu ba?" Ta ce, "Haba 'yar nan, hayaƙi ne ke cutarwa, wannan kuwa ya nuna. Da shi na rene ki." Ta barbaɗa ɗan turaren wuta, ɗaki ya ɗauki ƙamshi da ɗumi. Wallahi na ji daɗinsa. Na ba yarinya nono, na kwantar da ita a bayana wajen bango, na yi addu'a. Kafin barci ya ɗauke ni na ji kaina na ɗan sarawa, na ce rashin barcin jego ne.

Nono ne ya tashe ni. Yarinyar ta saba farkawa wajen ƙarfe ɗaya da kuma wajen uku, a daren nan ba ta farka ba, nonon ya cika ya yi tauri har yana mini zogi. Na buɗe ido cikin duhu, kaina kamar ana dukansa da taɓarya, zuciyata na bugawa da sauri. Na san akwai abin da ya kamata in yi, amma na kasa kamo ko mene ne. Wannan shi ne abin da na fi so mutane su gane: hankalinka ne ke fara tafiya. Kana kwance kana jin ba daidai ba, wani abu na ce maka ka ƙara runtsawa kaɗan, da safe za ka ji sauƙi. Na kira Gwaggo, muryata ba ta fita sosai. Na sake kira. Wani irin minshari kawai nake ji daga wajenta, wanda ban taɓa jin ta yi ba. Na lallubi yarinya, jikinta da ɗumi amma saɓule, na sa mata nono ba ta kama ba.

Wannan ne ya ba ni ƙarfin da ban san daga ina ya zo ba, sai dai daga Allah. Na yunƙura zan miƙe, ƙafafu suka ƙi, na zubo daga gado. Amai ya zo mini a nan ƙasa. Na ja ciki har bakin ƙofa, tafiyar da ba ta fi taku huɗu ba, na zare sakatar ƙasa, ta sama kuwa ta yi mini nisa kamar tana kan bishiya. Hannuna ya faɗa kan kwanon silba da Gwaggo ke shan ruwa da shi. Na ɗauka na riƙa buga ƙofar ƙarfen nan, ina bugawa ina hutawa.

A gidan hayarmu akwai wata baiwar Allah mai koko da ƙosai, mukan kira ta Inna mai koko. Ƙarfe huɗu take tashi ta hura wuta, damina da rani. Ita ta ji. Ta zo tana cewa, "Malama, lafiya? Malama, ki buɗe mana!" Da ta ji ba amsa sai ƙarar kwano, ta tashi ɗanta da wani maƙwabcinmu bakanike da ke aiki a Panteka, suka sa taɓarya suka ɓalle ƙofar. Iskar da ta shigo a lokacin, wannan sanyin da muka toshe ko'ina don gudunsa, ban taɓa shaƙar abu mai daɗinsa ba.

Aka fito da mu tsakar gida, mutane suka taru da tocila. Nan fa kowa ya kawo tasa. Wata ta ce guba ce a abinci, a dubo abin da muka ci. Wata ta ce iska ce, mai jego ai ba a rasa masu bibiyarta, a kira malam. Wata ta rugo da kwalbar manja ta ɗaga kan Gwaggo za ta ɗura mata. Bakaniken nan ne ya riƙe hannunta. Ya leƙa ɗakin, ya ga kaskon ya zama toka, ya fito ya ce, "Kada wanda ya ɗura mata komai, ba ta cikin hayyacinta, shaƙewa za ta yi. Gawayi ne. A juya ta gefe, a nemo keke." Daga baya ya gaya mana cewa ya taɓa ganin irin haka a wajen wasu samari da suka kwana da janareto a cikin shago. Ba na raina addu'a, da ita na rayu a daren nan. Amma da an tsaya jiran malam da manja har gari ya waye, da wani labarin ake yi. Manja da madara ba su da abin da za su yi wa gubar da ta shiga jini ta huhu, kuma wanda ya suma in aka ɗura masa abu huhunsa yake tafiya.

A cikin Keke Napep, Inna mai koko na rungume da yarinyar cikin zanenta, iska na dukanmu ta ko'ina, sai na ji wani ɗan siririn kuka kamar na 'yar kyanwa. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, Malama, kin ji ta? Kin ji ta?" Na ji ta.

A asibiti aka sa mana abin shaƙar iskar oksijin mu uku, ita yarinyar aka wuce da ita ɗakin jarirai. Da rana ta yi, kaina ya ɗan lafa, likitan da ya karɓe mu ya jawo kujera ya zauna, ya yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Ya ce duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne, itace ne, kalanzir, gas ko fetur, in bai sami isasshiyar iska ba yakan fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Gawayi yana daga cikin masu fitar da ita da yawa, kuma daidai lokacin da ya yi ja ya daina hayaƙi yana nan yana fitar da ita. Hayaƙi ma gara shi, don shi yana korar ka daga ɗaki. Ita kuwa sai ta kwantar da kai. In ta shiga huhu, jini ya fi kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200, sai ya zama jini na zagayawa amma bai ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke buƙata ba. Ya nuna mini ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini, ya ce a irin wannan matsala ba a dogara da shi, domin ba ya bambance gubar da oksijin, yana iya nuna komai lafiya alhali mutum na cikin haɗari. Ya ce in mutum na shaƙar iskar waje kawai, sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ya fita, amma da tsantsar oksijin abin bai fi awa ɗaya da rabi ba. Shi ya sa ko mutum ya farfaɗo a tsakar gida ya ce ya warke, a kai shi asibiti.

Na tambaye shi yadda aka yi yarinyar ta rayu, alhali jarirai sun fi kowa saurin kamuwa. Ya ce gawayin bai da yawa, ya cinye kafin asuba, kuma ƙila akwai inda iska ke ɗan shigowa. Da muka koma gida na duba. Gilashi ɗaya na tagar da ke saman gadona ya daɗe da fashewa, maigida ya toshe gurbin da kwali, na yi ta yi masa ƙorafi wata da watanni ya canza. Ta gefen kwalin nan iska ke zirarowa a kanmu ni da ita. Gwaggo tana can ɗaya ɓangaren, kanta kusa da kasko.

Ita sai da la'asar ta buɗe ido. Kwana uku aka sallame mu, ta dawo garau, har ta ci gaba da yi mini wanka tana faɗan an sa ta kwana a gadon asibiti ba dalili. Muka yi ta godiya ga Allah, muka ɗauka magana ta ƙare. Wajen mako uku bayan haka sai ta fara tambayata ko ta yi sallar azahar, in ce ta yi, jim kaɗan ta sake tambaya. Ta ɗora ruwa a wuta ta manta. Rannan ta fita sayen goro a bakin layi, sai wani yaro ne ya riƙo hannunta ya dawo da ita. Tafiyarta ta koma 'yan ƙananan taku, tana jan ƙafa. Matar da ke riƙe da ranar haihuwar kowane yaro a danginmu, ta dube ni ta kira ni da sunan mahaifiyata. Muka koma wajen likita, ya ce wannan sananne ne: ƙwaƙwalwar da ta rasa oksijin takan iya nuna rauninta daga baya, daga 'yan kwanaki har zuwa wajen kwana 40, musamman ga tsofaffi da waɗanda suka daɗe a sume. Ya ce da yawa sukan sami sauƙi cikin shekara guda. Gwaggo ta sami sauƙi, tafiyarta ta dawo, tana gane kowa. Amma ba ta sake yi wa kowa wankan jego ba, kuma daren nan da kwanakin da ke kewaye da shi sun goge daga kanta ƙaf. Mun haɗu a dangi mun yanke cewa ba wanda zai gaya mata kaskonta ne.

Na daɗe ina juya maganarta, "da shi na rene ki", domin gaskiya ta faɗa. Shekara da shekaru tana kwana da wuta a ɗaki, ba abin da ya taɓa samun ta. Sai da na je ƙauye na kwanta a tsohon ɗakinta na kalli sama, sannan na gane. Ɗakin ƙasa ne mai jinka, iska na ratsa ciyawar, akwai tazara tsakanin bango da rufi, bakin ƙofa asabari ne kawai. Ɗakin yana numfashi. Ko a can ɗin ba a rasa haɗari ba, ga gobara ga tarin hayaƙi, amma gubar tana samun hanyar fita. Nawa ɗakin na Rigasa kuwa bulo ne da filasta, da silin, da ƙofar ƙarfe, da tagar gilashi. In ka rufe shi ka toshe ƙasan ƙofa, ya zama tulu mai marfi. Al'adar ta taso daga ƙauye yadda take, ɗakin ne ya canza, kuma ba wanda ya zaunar da iyayenmu ya gaya musu. Ban taɓa ganin laifinta ba ko na rana ɗaya. Sanyi ta gani zai taɓa ɗiyarta da jikarta, ta yi abin da ta sani. Ni da na yi karatu, nake tsayawa gaban allo ina bayanin inda ƙurar hunturu ke fitowa, ni ya kamata in sani, kuma ban sani ba. Wannan ciwon yana nan tare da ni.

Tun daga lokacin wuta ba ta ƙara shiga ɗakin kwanana ba. Ba kasko, ba kurfoti, ba risho ko gas da ake kunnawa a bari wai don ɗaki ya yi ɗumi. Ko turaren wuta zan yi, taga a buɗe, in ya gama a fitar da garwashin. Jin ɗumi a tsakar gida muke yi bayan magariba, kafin a kwanta a kashe da ruwa, don iskar hunturu tartsatsi ɗaya take nema. Janareton gidanmu na sa an ɗauke shi daga lungun da ke bayan tagogi an kai can bakin katanga, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin masu shi su yarda. Yarana sun haddace abu ɗaya: in mutum biyu a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya a tare, a fita waje tukuna, a yi tambaya daga baya.

Mutane sukan ce mini, to Malama, sanyin fa? A bar jariri ya daskare? Ɗumin da ya fi aminci shi ne wanda jiki ke yi da kansa, aikinka ka tsare shi kada ya gudu. Tun watan Oktoba nake zuwa Kasuwar Barci in zaɓo gwanjon rigunan sanyi da safa da huluna, kafin sanyi ya sauka kuɗinsu ya tashi. Riga biyu ko uku marasa kauri a kan juna sun fi ƙatuwar guda ɗaya riƙe ɗumi. Ba na barin katifa ko tabarma a kan siminti tsirara, ko kwali ne sai na shimfiɗa a ƙasa. Jariri kuwa kansa babba ne a kan jikinsa, ta nan ɗumi ke saurin fita, don haka hula da safa sun fi masa amfani a kan tulin barguna da za su iya rufe masa hanci. Wata nas a ɗakin jarirai ta koya mini in kwantar da ita a ƙirjina fata da fata, in rufa mana zane tare, ta ce da haka ake rainon bakwaini ma. Wankanta na mayar da shi hantsi, in rana ta ɗaga, a yi shi da sauri a goge ta a shafe ta da man kaɗanya. Manya ma man kaɗanya ko basilin ya ishe mu maganin kaushi da faso da fashewar leɓe, sai yawan shan ruwa, don a hunturu ƙishi ba ya kiran mutum amma jiki na bushewa.

Kwana ukun da na yi ina zarya ɗakin yara ya nuna mini wani abin kuma. Gadaje cike da yara masu limoniya, wadda muke ce wa sanyi ya shiga haƙarƙari. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta. Ƙura da bushewar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, hayaƙin girki na ƙara nasa, mu kuma mun cunkushe a ɗaki ɗaya mun rufe ko'ina, mai tari na yi a kan mai lafiya. Nas ɗin nan ta ce in yaro na tari, in ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru in ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Wanda bai kai wata biyu ba, in ya kai 60 ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ba zancen shafa mai da gasa ƙirji da tsumma, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne. Allurar riga-kafin da ake yi a sati 6 da 10 da 14 tana ɗauke da kariyar limoniya, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati. Ban bari ta wuce ɗiyata ko ɗaya ba, duk da halin da muke ciki da Gwaggo a lokacin.

Waɗanda ke tsaya mini a rai duk hunturu su ne almajirai. Da asuba in na fito za ni makaranta nakan gan su a bakin kwata sun kewaye wutar kwali da roba, ƙafafu fari fat sun tsage. Wasu a zaure suke kwana, wasu a shagon da ba a gama ginawa ba, su ja ƙyaure su shigar da gwangwanin garwashi. Na je wajen malamin tsangayar da ke kusa da mu, na gaishe shi na ce, "Allah gafarta Malam, alfarma na zo nema." Na ba shi labarina. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma da kasko yake kwana. Yanzu duk shekara in na je Kasuwar Barci nakan ƙaro 'yan riguna ko biyar ne, matan layinmu su ma suna kawo nasu.

Bara ɗan Gwaggo, Yayanmu, Allah ya buɗa masa, ya rushe tsohon ɗakin nan ya gina mata na bulo, da silin da tagar gilashi da ƙofar ƙarfe. Kowa na ta sa masa albarka. Ni da na ji, ban yi barci ba a daren. Ranar Juma'a ana tashi daga makaranta na ɗauki yarinyar da barguna biyu masu kauri muka hau motar Zariya, daga can muka sami ta Giwa. Na keɓe Yaya da matarsa na ce, "Yaya, don girman Allah, kada wuta ta kwana a ɗakin nan." Matarsa ta ce ai kaskon yana wajenta, ta ɓoye shi a rumbu tun da aka tare.

Da dare na shimfiɗa wa Gwaggo bargunan, na sa mata safa da hula, na bar taga a ɗan buɗe kamar faɗin yatsa biyu. Ta shafa bargon ta ce yana da laushi, amma bargo ai ba ya kai wuta, ita dai ba ta san inda kaskonta ya shiga ba. Na ce, "Za a duba, Gwaggo." Yarinyar, wadda ke tsaye tana saurare, ta cire takalmi ta haye gadon ta shige cikin bargon ta manne a bayanta. Gwaggo ta miƙa hannu baya ta lallubo ƙafarta, ta ce, "Kai, 'yar nan jikinki kamar garwashi." Ta ja bargon ta rufe su su biyu.